Keken Doguwa a Kan Rumbun Nomau

Ga ta nan, ga ta nan ku, tafe take a kan ƙafa biyu, ɗaya doguwa, ɗaya gajera.

Ta zo mu ji ta, mu ga irin tafiyarta!

To, ku matso. Mai gyangyaɗi ya koma bayan tabarma tun yanzu, don ni ba na maimaita magana.

Wani gari ne ana ce masa Tudun Kaura. Mutanen garin ba su iya komai ba sai noma, amma noman nan sun iya shi. A bakin gonakinsu akwai wata tsohuwar kuka, a cikin kukar akwai aljana, sunanta Doguwa. Doguwa fa doguwa ce. In ta zauna, gwiwoyinta sun wuce kanta. In ta miƙe, sai ta sunkuya kafin ta leƙa sheƙar shamuwa.

Doguwa tana son wasa, wasan da ta fi so kuwa shi ne tseren huɗa. Wata shekara, da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa, sai ta fito ta ja layi da ɗan yatsan ƙafarta, ta ce wa samarin gari:

"Kowa ya ɗauki garmarsa ya kama kunyarsa. Daga layin nan har gindin kukata. Wanda ya riga isa, da kyauta. Na biyu, da kyauta. Na uku, da kyauta. Saura su sha ruwa su koma gida."

Makaɗa suka saki gangar noma. Garma ta shiga, garma ta fita. Garma ta shiga, garma ta fita. Ƙasa na tashi, gumi na zuba, mata na guɗa.

Korau ya zo na uku. Doguwa ta ba shi fartanya ta tagulla, an jera mata ƙararrawa a ƙota. Cindo ya zo na biyu. Ta ba shi malafa, an ɗinke ta da ƙananan madubai tun daga baki har tsakiyar kai. Na ɗaya kuwa Nomau ne, wani dogon saurayi mai ƙafafu kamar na zalɓe. Ya isa gindin kuka, ya sha ruwa, ya goge gumi, ya zauna ya huta, sannan na biyu ya iso yana haki.

Doguwa ta shiga kogon kuka ta turo wani abu da ba wanda ya taɓa gani a garin. Keke ne. Ba irin naku na yau ba, a'a. Ƙafar gaba ta fi mutum tsawo, ƙafar baya ko faifai ba ta kai ba. Sirdi can sama, feda a jikin babbar ƙafa, ƙarfe na walƙiya.

Ta ce, "Nawa ne na ƙuruciya. Kai ka ci shi, Nomau. Amma ku ji da kyau, ku ukun. Kyautata ta ado ce. Ranar da ta taɓa ƙasa, kafin faɗuwar ranar nan ta dawo wurina."

Suka ce, "Mun ji, Inna."

Korau ya rataye fartanyarsa a zaure. Cindo ya rataye malafarsa a ƙuryar ɗaki. Keke kuwa ba ɗakin da zai shiga, sai majiya ƙarfi suka ɗauke shi a kafaɗa, ba su bari ya taɓa ko ciyawa ba, suka ɗora shi a kan rumbun Nomau, suka ɗaure da igiya.

Gari ya taru ana kallo. Wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda ba a yanke maganar gari sai ta sa baki, ta ɗaga kai ta duba, ta sake dubawa, ta ce:

"Ai abin a fili yake. Uwa ce da 'yarta. Ta gaba uwa, ta baya 'ya. Ku bar ta, za ta girma."

Mutane suka ce lallai haka ne. Daga ranar, duk kaka in an gama girbi, sai Iya Tabawa ta zo da tsinken tsintsiya, a riƙe mata tsani, ta hau ta gwada ƙaramar ƙafa. Ta sauko ta ce, "Bana ma ba ta ƙaru ba. Ƙila baɗi." Kada ku yi musu dariya, ku ma da can kuka tashi da kun riƙe tsanin.

Shekara ta bi shekara. Doguwa ba ta sake kiran wasa ba. Nomau ya yi aure, matar ta haifa masa 'ya mace, aka sa mata suna Marka, ba a daɗe ba uwar ta rasu. Sai kuma hakiya ta sauko wa Nomau a ido, ta rufe ɗaya, ta rufe ɗayan. Amma bai ajiye garma ba. Marka ke jan shi zuwa gona, ta tsaya a kan kunya tana cewa, "Dama, Baba. Hagu kaɗan, Baba. Miƙe sak." Shi kuma yana huɗa. Gonarsu ta fi ta masu ido biyu miƙewa.

Kowace Juma'a Nomau yakan lalubi tsani ya hau rumbu da man gyaɗa a kasko. Ya shafe babbar ƙafa, ya shafe ƙarama, ya shafe sirdi. Ba ya ganin walƙiyar, amma yana jin baƙi daga garuruwa suna tsayawa a ƙofa suna cewa, "Nan ne gidan mai keke?" In ya ji haka sai ƙirjinsa ya cika. Yana alfahari da keken nan, ba ya ɓoyewa, Marka kuma tana alfahari da ubanta.

Ana nan, ana nan, wata shekara damina ta yi kyau. Dawa ta tashi ta wuce kan mutum, ta wuce kan mutum da hannu a ɗage. Ta fitar da kai, ta yi ido, ta soma nuna. Kowa na gyaran rumbu.

Sai wata safiya rana ta dushe, alhali ba hadari. Jan-baki ne. Tsuntsaye, tsuntsaye, tsuntsaye, ba farko ba ƙarshe. A gabansu sarkinsu, ɗan mitsitsi, bai fi babban yatsa ba, amma bakinsa ya fi jikinsa. Suna tafe suna waƙa:

"Ku noma, mu ci,
Ku yi ihu, mu ci,
Kuna ƙasa, muna sama,
Ku noma, mu ci!"

Suka sauka a gonar Korau da gonakin gabas. Mutane suka fito da majajjawa, suka kafa mutum-mutumi, suka yi ihu har murya ta dishe. Ina! Dawa ta rufe su, ba su ganin tsuntsu, tsuntsu ba ya ganinsu. Marka ta ruga zauren Korau.

"Baba Korau, fito da fartanyar nan mai ƙararrawa ka kaɗa musu!"

Korau ya ce, "In ta suɓuce ta faɗi fa? Ke yarinya, kin san abin da ake kira kyauta?"

Kafin la'asar gonakin gabas sun koma kara tsirara.

Kashegari suka sauka a gonar Cindo da gonakin yamma. Marka ta ruga gidan Cindo.

"Kawu Cindo, ɗora malafar nan mai madubai a kan doguwar gora, ka haske musu ido!"

Cindo ya ce, "In iska ta ɗauke ta fa? 'Yar nan, je ki, Allah ya yi miki albarka."

Kafin la'asar gonakin yamma sun koma kara tsirara.

Saura gonakin tudu, inda gonar Nomau take. Abin da ya rage wa Tudun Kaura ke nan. In suka tafi, ba tuwo, ba kunu, ba irin shuka na baɗi.

Da yammacin ranar Marka na tsaye a gonarsu, sai ga Sarkin Jan-baki ya zo duba abincin gobe. Ya sauka a kan zangarniya yana lilo, ciki ya yi tim.

Ya ce, "Ke 'yar ƙasa, wannan gonar ta wa ce? Kunyoyinta a miƙe. Gobe da ita za mu karya kumallo."

Zuciyar Marka ta yi zafi, amma ta durƙusa, ta sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, ta ubana ce. Kai, ban taɓa ganin sarki irinka ba. Dutse bai same ka ba, ihu bai dame ka ba. Ashe duk duniya ba wanda kake tsoro?"

Sarki ya kumbura, ya gyara fiffike.

"Tsoro? Mu? Mai tsayuwa wuri ɗaya ba ma tsoronsa. Wanda dawa ta fi tsawo ba ma tsoronsa. Mutum ɗaya kakanninmu suka ce mu kiyaya, Doguwa, in ta hau kekenta. Kanta sama da dawa, gudunta ya fi namu. Amma ta daina hawa tun kafin a ƙyanƙyashe kakana. Sai da safe, 'yar ƙasa."

Ya tashi, fir!

Marka ta koma gida. Ta tarar da ubanta a gindin rumbu yana tufkar igiya. Ta durƙusa ta gaya masa duk abin da sarkin ya ce. Sannan ta ce:

"Baba, a sauko da keke."

Hannun Nomau ya tsaya.

"Me kika ce?"

"A sauko da keke, Baba."

"Marka, kin san abin da kika roƙa? Ido ya tafi. Uwarki ta tafi. Ƙarfi ma yana haɗa kayansa. Wannan kaɗai ya rage da za a gani a ce, a nan Nomau yake. In ya taɓa ƙasa, shi ke nan."

Hawaye ya zubo wa Marka, don ta san gaskiya ya faɗa, kuma tana son keken nan kamar yadda yake son sa. Ta ce:

"Na sani, Baba. Amma dawar tudu ma kai ka noma ta, ba ka ko ganin ta. Keke ka ci shi rana ɗaya. Dawar nan kullum kake cin ta."

Nomau ya ajiye igiyar, ya shiga ɗaki, ko tuwo bai taɓa ba.

Gari na wayewa Marka ta ji tsani yana ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Ta fito. Ga ubanta a kan rumbu, ya kwance ɗaurin da hannunsa, yana zuro keke da igiyar da ya tufka jiya. A hankali, a hankali. Babbar ƙafa ta taɓa ƙasa. Can bakin gonaki kuka ta yi gurnani, har kaji suka watse.

Nomau ya ce, "Ta ji. Yanzu daga nan zuwa faɗuwar rana namu ne. Hau, 'yar nan."

Marka ta hau tsani ta ɗare sirdi. Ƙafafunta suna reto, tsakaninsu da feda kamar tsakanin reshe da ƙasa. Keke ya karkata, tim! Ta faɗa cikin tokar murhu, ta tashi fari fat.

Nomau ya ce, "Kawo ni." Ya hau. Ƙafafun zalɓen nan suka sauka a kan feda daidai, kamar don su aka ƙera. Ya taka, keke ya tafi. Ya sake takawa, keke ya ƙara gudu. To amma ina ido? Ya bi ta kan turken akuya, ya ratsa dangar Iya Tabawa, ya kife a cikin kabewarta. Tsohuwa ta fito tana salati.

Gari ya taru. Nomau ya miƙe, gwiwa na jini, ganyen kabewa a wuya. Wasu suka ce, "Kaico, ya yi asarar kyauta a banza." Marka ta kama hannunsa ta ce:

"Baba, yadda muke huɗa. Ƙafa taka, ido nawa. Ɗora ni a wuya."

Sai Nomau ya yi dariya, dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Mata suka gane dabarar. Suka kwaso zannuwa suka ƙulla baki da baki, har suka yi mayafi mai tsawon Doguwa. Suka kawo ludayi da ƙoshiya da murafen tukwane suka ɗaura a jikin babbar ƙafa. Iya Tabawa ma, tana ta mitar kabewarta, ita ta ƙulla na ƙarshe.

Sai ga Cindo tafe, kai a sunkuye, riƙe da malafa a hannu biyu.

"Ungo, 'yar nan. Jiya na riƙe ta na rasa dawa. Yau ko ta faɗi, ta faɗi."

Aka aika wa Korau ya kawo fartanya. Korau ya ja ƙofar zaure ya sa sakata, ya ce daga ciki ba ya nan.

Nomau ya hau sirdi. Marka ta hau wuyansa. Aka lulluɓe su da mayafi, aka ɗora mata malafa. Majiya ƙarfi suka tura su har bakin gona, suka sa babbar ƙafa a kwarin kunya. Kwarin nan kuwa Nomau ne ya huɗa shi, a miƙe yake kamar zare.

Marka ta buɗe ido. Kai! Dawa duk tana ƙarƙashinta, ja wur, har iyakar gani. Ba ɗan Tudun Kaura da ya taɓa ganin gonarsa daga sama sai ita. Can gabas kuma ga baƙin girgije tafe yana waƙar "ku noma, mu ci."

Marka ta ɗauki tata waƙar:

"Taka, Baba, taka,
Ƙafa taka, ido nawa,
Dama kaɗan, miƙe sak,
Taka, Baba, taka!"

Nomau ya taka. Ludayi ya ce ƙwal, murfi ya ce ƙwaram, ƙoshiya ta ce kaf-kaf-kaf. Madubai suka kama rana suka watsa ta ko'ina. Mayafi ya tashi a baya yana kaɗawa. Marka ta kumbura murya ta daka tsawa:

"Wa ke shawagi a kan dawar gindin kukata?"

Tsuntsaye suka yi cirko-cirko a sama. Wani ya ce, "Doguwa!" Dubu suka ce, "Doguwa! Doguwa ta hau keke!" Suka juya suna karo da juna. Suka gwada ta kudu, keke na can. Suka gwada ta arewa, keke ya riga su. In sun kai ƙarshen kunya Marka ta ce, "Juya, Baba," Nomau ya juya, su faɗa wani kwarin.

Haka aka yi har rana ta take tsaka. Sai iska ta zo, kamar yadda Cindo ya ji tsoro, ta fizge malafa, ta wulwula ta, ta yar a ƙasa. Kan Marka ya fito fili da 'yan kitsonta.

Sarkin Jan-baki ya matso ya leƙa. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ku dawo! Ku dawo! 'Yar ƙasa ce ta jiya! Ba Doguwa ba ce!"

Girgije ya juyo. Marka ta ji wuyan ubanta ya jiƙe sharkaf, numfashinsa na fita da kyar, takunsa ya yi sanyi. Tsoro ya kama ta.

"Baba, sun gane mu."

Nomau ya ce, "Sun gane ba Doguwa ba ce. Ba su gane ko wane ne ba. Yaye mayafin nan, 'yar nan. Ina makaɗa? A buga mini gangar ranar tsere!"

Marka ta yaye mayafi ta yar. Tsofaffin makaɗa na bakin gona, tun ranar tseren huɗa ba su sake buga wannan kiɗa ba. Suka saɓa ganguna suka saki. Maroƙi ya ɗaga murya:

"Nomau na Tudun Kaura!
Zalɓe mai ƙafar ƙarfe!
Ka sha ruwa, ka huta, kafin na biyu ya iso!
Uban Marka, a gaishe ka!"

Wayyo, yara, da kun ga tsohon nan! Bayansa ya miƙe. Ƙafafu suka tuna. Ya taka, ya taka, ya taka, har aka daina ganin babbar ƙafa, sai walƙiya. Iskar keke ta kwantar da kan dawa dama da hagu. Ta ɗebi tsuntsaye ta watsa kamar ƙaiƙayi a faifai. Marka na sama tana kaɗa ɗankwali tana waƙa, "Taka, Baba, taka!" Mutanen gari suka karɓa, maza da mata, har da masu cewa an yi asara a banza.

Suka kore su daga tudu. Suka kore su daga fadama. Suka kore su har bakin kogi. Sarkin Jan-baki ya tsallaka da rabin wutsiya, ya sauka a kan wani dutse yana haki, ya ce:

"Ko Doguwa ce, ko ba Doguwa ba ce, abin da ya fi dawa tsawo kuma ba ya gajiya, ba ma zama gari ɗaya da shi. Ku tashi mu tafi!"

Suka tafi. Ko ƙwaya ɗaya ta gonakin tudu ba su ɗanɗana ba.

Nomau da Marka suka komo a hankali, rana ta yi ja. Aka sauke su, aka kawo ruwa, ana ta guɗa. Sai guɗar ta yanke. Wata inuwa ta taso daga gindin kuka, ta ratsa gonaki, ta ratsa gari, ta tsaya a ƙofar Nomau. Doguwa ce. Ta sunkuyo, ta sunkuyo, har fuskarta ta zo daidai kan rumbu. Malafar Cindo tana rataye a ɗan yatsanta.

Ta ce, "Wa ya sa kekena a ƙasa?"

Nomau ya ce, "Ni ne, Inna. Da hannuna na kwance shi."

Marka ta ce, "Ni ce, Inna. Ni na roƙe shi. Kuma ni na ari muryarki."

Doguwa ta dubi uba, ta dubi 'ya.

Ta ce, "Muryar ba ta yi kama ba. Amma takun ya yi. Shekara da shekaru ina cikin kuka ina sauraron ƙarar keken nan, ban ji ba sai yau. To, abin da na faɗa na faɗa. Ku ba ni abina."

Nomau ya laluba ya kama keken. Duk ya yi laka, ga gashin tsuntsu, ga ganyen kabewa. Ya cire hularsa zai goge. Rabuwa da abin da ka shafa wa mai kowace Juma'a ba wasa ba ne.

Doguwa ta ce, "Kada ka goge. Bar mini shi da lakarsa, haka ya fi kyau."

Ta ɗora malafa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta haye sirdi ba tsani. Da ta zo wucewa ta zauren Korau, ta ƙwanƙwasa rufin da yatsa ta ce, "Kai kuma riƙe taka, ba ta taɓa komai ba." Ta taka ta tafi. Har yau in kun ga kan dawa yana kwantawa layi guda ba iska, ku ce mata sannu da hawa.

Aka yi girbi. Dawar tudu ta ciyar da gari duka. Nomau ya aika wa Cindo dammuna. Ya aika wa Korau ma, Korau ya ci tuwonsa a ƙarƙashin fartanyarsa, ƙararrawa na kallonsa yana kallonta.

Rumbun Nomau ya cika har wuya, amma kan rumbun fayau. Ranar Juma'a ya ɗauki kaskon mai ya nufi tsani, sai ya tuna, ya ajiye. Marka ta gani, ta juya fuska don kada ya ji kukanta.

Ana haka sai ga Iya Tabawa da tsinken tsintsiyarta da masu riƙe mata tsani, kamar kowace kaka. Ta ɗaga kai, ta ga wayam. Kunya ta kama ta.

"Af! Tsufa. Na manta, Nomau. Na zo gwada 'yar ƙaramar ne. Ashe har aka tafi da ita ba ta girma ba."

Nomau ya miƙe tsaye, duk tsawonsa. Ya laluba ya kamo Marka, ya tsayar da ita a jikin rumbu, ya ɗora hannu a kanta.

Ya ce, "Wa ya ce ba ta girma ba? Ga ta nan, Iya. Gwada."

Iya Tabawa ta dubi yarinyar, ta dubi ɗan tsinkenta, ta karya shi biyu ta yar.

"Wannan ta fi ƙarfin tsinke," in ji ta. Ta rangaɗa guɗa.

Daga ranar baƙi suka daina tambayar gidan mai keke. In sun shigo Tudun Kaura sai su ce, "Ina ne gidan uban Marka?" Nomau kuwa in ya ji, ƙirjinsa ya fi da cika.

To, kun ji. Abin ado in ya hana ka ceton abincinka, nauyi ne kawai ka rataya. Sunan mutum kuma ba a kan rumbu yake ba, yana wurin abin da ya yi da ɗan da ya rena.

Ƙurunƙus kan ɗan jan-baki mai rabin wutsiya. Ba don kada ku ce na yi ƙarya ba, da na ce ni ma an ɗan ɗora ni a sirdin, na ga rufin ɗakinku daga sama. Ku tashi, kowa ya naɗe tabarmarsa.